Madobiya: yadda za ka gane ta, abin da ke ƙarar da ita, da yadda za a kare ta a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Madobiya itaciya ce ta gida, irin wadda ba wanda ya kawo ta daga wata ƙasa, kuma ba wanda ya saba shuka ta, don a da daji ne ke haifar da abarsa. A yau lamarin ya canja. Tun 2018 hukumar IUCN, mai lura da halin da tsirrai da dabbobin duniya ke ciki, ta saka ta cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗarin ƙarewa. Idan kana noma a yankin Gusau, Tsafe ko Bunguɗu, kuma akwai madobiya ko da kututturenta a gonarka, a gefen dutse ko a hurumin garinku, to abin da ke hannunka ya fi ƙarfin itacen girki. Ga bayanin yadda za ka gane ta, abubuwan da ke kashe ta, da aikin da kai da ƙungiyarku za ku iya yi da abin da ke hannunku.

Yadda za ka gane ta

Masana suna kiranta Pterocarpus erinaceus. 'Yan katako kuwa suna ce mata koso, a Taraba ma har da sunan "Madrid". Dangin wake ce, kamar gawo da ɗorawa da kirya. Tana tsiro daga Senegal har zuwa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya.

Ga alamominta:

- Tsayi: babba takan kai mita 12 zuwa 15.
- Ɓawo: baƙi-baƙi ne, mai kaushi, a tsattsage. Idan aka sare shi sai wani jan ruwa ya fito kamar jini, ya daskare ya zama ƙaro. Wannan ita ce alamar da ta fi saurin nuna ta.
- Ganye: ƙananan ganyaye ne jere a kan sanda guda, galibi 7 zuwa 11, ɗaya a can ƙarshe shi kaɗai. Ba sa fuskantar juna, wannan na sama kaɗan da wancan.
- Fure: ruwan ɗorawa ne mai ƙamshi, yana fitowa da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ta kaɗe ganyenta. Daga nesa za ka hango ta, kanta duk rawaya.
- Kwanso: zagayayye ne, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, da fiffike mai kama da takarda kewaye da shi, tsakiyarsa kuma da 'yan ƙayoyi masu laushi kamar jikin bushiya. A cikin tsakiyar nan ƙwayar irin take, galibi guda ɗaya.

Ƙaramar madobiya ta fi wuyar ganewa, shi ya sa ake yawan nome ta ba a sani ba. Ka dubi jerin ganyen da kyau. Idan kuma toho ne daga kututture, ka ɗan karce gefen kututturen da farce ko wuƙa, jan ruwan zai nuna kansa.

Inda take so

Madobiya tana rayuwa inda ruwan sama ke kaiwa milimita 600 zuwa 1,200 a shekara, kuma tana jure rani mai tsawo. Ruwan yankin Gusau yana cikin wannan ma'auni, don haka ba ƙarancin ruwa ne ke hana ta ba. Ba ta da tsirfa wajen ƙasa: tana kama tsakuwa, marmara da gindin dutse, wuraren da dawa da masara ba sa yin kirki. Ka ga ke nan ba sai ka ba ta tsakiyar gonarka mai kyau ba. Iyakar gona, bakin kwazazzabo da fakon da ka daina nomawa sun ishe ta.

Amfaninta gare ka

Na farko abincin dabbobi. Takan fitar da sabon ganye da bazara, kafin ruwa ya zauna, daidai lokacin da harawa ta ƙare, kara ya ƙare, dusa ta yi tsada. Ganyen yana da sinadarin gina jiki sosai, shanu da tumaki da awaki duk suna son sa. A Bamako ta ƙasar Mali, ɗaure-ɗaure ake kawo shi kasuwa ana sayar wa masu turkar raguna.

Na biyu gyaran ƙasa. Da yake dangin wake ce, saiwarta tana tara sinadarin naitirojin, wanda shi ne kake saye a buhun yuriya. Ganyen da ta zubar kuma taki ne.

Na uku zuma. Furenta yana zuwa lokacin da fure ya yi ƙaranci a daji, saboda haka mai amya yana ƙaruwa da ita.

Na huɗu katako. Itacenta yana da nauyi da ƙarko, gara ba ta cin sa da sauƙi. Da shi ake ƙofa, kujera, gado, ginshiƙi da kayan kiɗa. Ana kuma amfani da ɓawonta da ƙaronta wajen rini da haɗin maganin gargajiya. Wannan daraja ta katakon ita ce ta jawo mata masifa.

Abin da ke ƙarar da ita

Sara don fitarwa waje. A ƙasar Sin ana ƙera kayan ɗaki masu tsada da jan katako. Da irin nasu na Asiya ya yi ƙaranci, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. Daga wajajen 2013, Najeriya ta zama kan gaba wajen fitar da gungumen madobiya, jihohi irin su Taraba da Kogi suka ga sara ba ƙaƙƙautawa. Daga watan Janairun 2017 aka saka ta a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wato ba a fitar da ita daga ƙasa sai da takardar izini da shaidar masana cewa saran ba zai cutar da irinta ba. A watan Oktoban 2018 aka dakatar da Najeriya daga cinikinta, a 2022 kuma dakatarwar ta haɗa da sauran ƙasashen da take tsiro. A ƙarshen 2022 ɗin, a taron Panama, kawo da maɗaci ma suka shiga wannan rukuni. Mai saye yakan zaɓi mafi girma, mafi miƙewa. To ai su ne iyayen iri. Idan suka tafi, sai a bar mana karkatattu da masu ciwo.

Sharar sabuwar gona. Jama'a na ƙaruwa, gonaki na cin daji, saura kuma ta daina hutawa. Inda tarakta za ta shiga, tumɓuke kututture ake yi gaba ɗaya. Fasa dutse da haƙar ma'adinai su ma suna cinye wuraren da take fakewa.

Gawayi da itacen girki. Gari kamar Gusau kullum yana buƙatar wuta, kuma masu gawayi itace mai nauyi suke nema.

Sassabe ta don dabbobi fiye da kima. Idan kowace bazara aka aske mata kai ƙwal, ba za ta samu rassan da za su yi fure da hunturu ba. Itaciyar tana tsaye, amma ta daina haihuwa. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage a bakin burtali halin da suke ciki ke nan.

Gobarar daji da baki. Babbar madobiya tana jure wuta, ƙaramar ba ta jurewa. Wadda ta tsira daga wuta kuma akuya na jiran ta.

Maganin feshi. Magungunan kashe ciyawa, musamman masu cinye komai da masu kashe faffaɗan ganye, ba su san madobiya ba, ba su san ciyawa ba. Feshi ɗaya ya isa ya kashe tsiron shekara biyu.

Duwatsu da hurumi sun zama tsibirai

Idan ka bi hanyar Gusau zuwa Funtua, ta Kwatarkwashi da Tsafe, za ka ga duwatsu tsaye a tsakiyar gonaki. Irin waɗannan duwatsu, da maƙabartu, da tsoffin kufai, da bakin rafi, su ne wuraren da garma ba ta kaiwa, kuma nan ne ya kamata a fara neman ragowar itatuwan gida. Kowannensu ya zama kamar tsibiri: gonaki sun kewaye shi yadda ruwa ke kewaye tudu.

Zaman tsibiri yana da haɗari ga itace. Idan bishiyu biyar ne kaɗai a kan dutse, gobara ɗaya ko mai zarto ɗaya na iya gamawa da su, kuma babu maƙwabtan da za su aiko da iri su maye gurbi. Ƙudan zuma ne ke kai garin fure daga wannan zuwa waccan, to idan tazara ta yi yawa sai dangi su yi ta barbarar juna, irin ya yi rauni.

An ga ƙarshen irin wannan a tsibirin Santa Helena da ke tsakiyar tekun Atlantika. Bayan Turawan Fotugal sun gano shi a 1502, an saki awaki a can. Awakin da masu sara suka cinye dajin, baƙin tsirrai suka maye wurin. Wata itaciya mai baƙin katako da babu irinta ko'ina a duniya ta ɓace, har aka ɗauka ta ƙare. Sai a 1980 aka hango guda biyu maƙale a jikin wani dutse mai tsayi, inda akuya ba ta iya kaiwa. Daga reshensu aka sake yaɗa ta. Wata kuma, da suke kira zaitun na tsibirin, ba ta yi wannan sa'a ba: ta ƙarshe ta mutu a 2003. Madobiya ba ta kai nan ba tukuna, amma hanyar ɗaya ce: baki, gatari, sannan baƙon tsiro.

Baƙin tsirrai da masu mamaye wuri

Da zarar an buɗe daji, ƙasa ba ta zama haka nan. Wani abu zai fito, kuma wanda ya fi sauri shi ke cin wuri. Madobiya tana da jinkirin tashi, don haka a farkon rayuwarta kowa na iya danne ta. Ga waɗanda za ka sa wa ido:

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi. Asalinsa daga yankin Indiya ne, an fara shuka shi a Borno a 1928. Ba wanda zai musa amfaninsa: inuwa, azara, maganin ƙwari. Matsalar ita ce idan ya fita gari ya shiga dutse da hurumi. Jemagu da tsuntsaye suna shan 'ya'yansa, su je su sauka kan manyan itatuwa su zubar da ƙwallon. Shi ya sa za ka ga ƙananan dogon yaro sun yi cincirindo a gindin babbar itaciyar gida, daidai wurin da 'ya'yanta za su tsiro. Ga shi ba ya rabuwa da ganye, inuwarsa ba ta ɗagawa. Ka cire ƙananan da hannu lokacin da ƙasa ke da laima, har da saiwa. Manyan da suka matse madobiya ka sare su ka yi amfani da sandunan, amma ka sani zai sake toho, sai ka riƙa komawa kana karye tohon har kututturen ya gaji. Na cikin gari da bakin hanya ka bar su, ba su ne matsalar ba.

Daddoyar daji, wadda masana ke kira Hyptis suaveolens. Daga nahiyar Amurka ta zo. Ganyenta na da ƙarfin wari, jikinta gashi-gashi, karanta mai kusurwa huɗu, takan wuce ƙugun mutum. Dabbobi ba sa cin ta, irinta kuma yana maƙalewa a gashinsu da tufafi ya bazu. Da damina tana rufe ƙananan itatuwa, da kaka kuma ta bushe ta zama makamashin gobara. Ka tuge ta kafin ta yi fure, wato cikin Yuli da Agusta. Idan ka bari ta zubar da iri, aikin baɗi ya ninka.

Garmani. Shi ne mai laushin ganye da ɗan fure rawaya, wanda ya cinye makiyayu da burtali da yawa a jihar Maraɗi ta Nijar. Yana son wurin da kiwo ya yi wa yawa. Maganinsa tugewa kafin ya yi iri, sannan a watsa irin ciyawa mai amfani kamar gamba ko ƙyasuwa a wurin, don kada a bar fili tsirara ya dawo.

Tafasa. Abinci ce, ba a ce ka rabu da ita ba. Amma inda ta yi kauri a kan ƙaramar madobiya, ka share kewayen.

Ƙa'idar duka ɗaya ce: taki ɗaya ta kowane gefe na ƙaramar itaciya ya zama a share, da hannu ko fartanya, ba da feshi ba.

Mataki na farko: ku san abin da kuke da shi

Da hunturu, lokacin da take fure, ku zagaya gonaki da hurumin gari ku ƙirga. A samu littafi guda a rubuta: wurin da take, mai gonar, kaurinta idan an zagaya igiya daidai ƙirji, ko tana fure, ko an sassabe ta. Mai babbar waya ya ɗauki hoto. Ku ware masu lafiya, miƙaƙƙu, masu yawan fure, ku shafa musu fenti a matsayin iyayen iri. Waɗannan ba sara, ba sassabe, ba ɓare ɓawo.

Mataki na biyu: renon kututture

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi da arha. Madobiya tana toho daga kututture, kuma tohon ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba, don saiwarsa ta riga ta yi zurfi. A Nijar ana kiran wannan dabara sassabin zamani. Ta fara yaɗuwa a yankin Maraɗi daga 1983, da aikin wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman wurin, kuma an ƙiyasta ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Maraɗi ba ta kai mu ruwa ba, saboda haka ba mu da uzuri.

Yadda ake yi:

1. Lokacin sharar gona, kada ka ƙone kututture, kada ka tara kara a kansa.
2. Ka zaɓi toho biyu zuwa uku mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran.
3. Ka yi yankan da wuƙa ko lauje mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage.
4. Ka rage rassan ƙasa har zuwa rabin tsayin sandar, ka bar na sama.
5. Ka ɗaura jan ƙyalle, don mai huɗa da mai feshi da makiyayi su san da gangan aka bar ta.
6. Ka dawo bayan wata biyu zuwa uku ka cire sabon tohon da ba ka so. Bayan shekara biyu ko uku sai ka bar sanda ɗaya ta zama itaciya.

Mataki na uku: tara iri da reno

Kwanson yana nuna bayan fure, ya koma kalar busasshen kara, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Iska na ɗauke shi, ɓeraye da ƙwari kuma na cin na ƙasa, don haka gara ka shimfiɗa buhu ka girgiza reshe. Kada ku ɗebi iri daga uwa ɗaya. Ku haɗa daga itatuwa goma ko fiye, masu nisa da juna. Ƙungiyar Tsafe ta yi musayar iri da ta Bunguɗu, ta Bunguɗu ta yi da ta Gusau. Wannan shi ke maganin raunin da zaman tsibiri ke kawowa.

Ka shanya kwanson a inuwa, ka yanke fiffiken da almakashi. Idan za ka iya fasa tsakiyar ka ciro ƙwayar ba tare da ka ji mata ciwo ba, ya fi. Ka jiƙa a ruwa awa 12 zuwa 24. Irin da ba a jiƙa ba kusan rabi ne ke fitowa, jiƙawa na ƙara yawan. Ka cika leda da ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ledar ta zama doguwa, don saiwar madobiya ƙasa take nufa kai tsaye, a huda ta kuma ta ƙasa. Ka sa ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin gaɓar yatsa. Tsiro kan fara cikin kwana 6 zuwa 10. Ban ruwa safe da yamma, a ƙarƙashin rumfa mai shigar da ɗan haske, a kuma tsare daga kaji, gyare da ɓera. Duk mako biyu ka ɗaga ledojin ka sauya musu wuri don kada saiwa ta kama ƙasa. Saura mako biyu dashe, ka rage ruwa ka janye rumfar don su saba da rana.

Aikin reno ya dace da ƙungiyoyin mata, tun da a cikin gida ko bayan gida ake yin sa, kusa da ruwa.

Mataki na huɗu: dashe da tsaro

Ka dasa idan ruwa ya zauna sosai, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, da yamma bayan an yi ruwa. Rami ya kai zurfin kamu ɗaya, faɗi ma haka. Ka yaga ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse. A wuri mai gangare ka yi mata ɗan kurtu kamar rabin wata ta gefen ƙasa, don ya tare ruwa. Tazara: taki biyar-biyar idan katako ake nufi, taki goma a kan iyakar gona. Idan kuwa gandun ganyen dabbobi kake so, ana matse su, mita ɗaya tsakanin itace da itace, mita biyu tsakanin layi.

Kada jinkirinta ya karya maka gwiwa. A shekarar farko da ƙyar take wuce taƙi ɗaya, don ƙarfinta duk yana tafiya ga saiwa. Wani lokaci ma saman kan bushe da rani, ka ɗauka ta mutu, ruwa na sauka ta sake fitowa. Kada ka yi saurin tuge ta.

Abin da ke raba mai nasara da marar nasara shi ne shinge. Da an kwashe amfanin gona aka saki dabbobi, duk wadda ba ta da kariya ta tafi. Ka kewaye ta da ƙayar magarya ko farar ƙaya, ko tsohon kwando marar gindi, ko bulo da aka jera da 'yan ƙofofi. Haka za ka yi ta yi har kanta ya wuce bakin saniya. Itace ashirin da aka tsare sun fi ɗari biyar da aka dasa aka watsar.

Yanke ganye da ɓawo ba tare da kashe ta ba

Hana makiyayi ganyen madobiya gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kuma rigima kawai zai haifar. Abin da zai yiwu shi ne ƙa'ida. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassa. A yanki ƙanana, waɗanda ba su wuce kaurin hannu ba, a bar kan itaciyar. Wadda aka yanka bana a bar ta ta huta baɗi da baɗin baɗaɗa. Masu ɗibar ɓawo su ɗauki siririn tsiri a tsaye ta gefe ɗaya, su shafe wurin da laka. Duk itaciyar da aka zagaye ta da ɓara, an yanke mata hanyar abinci, mutuwa za ta yi.

Wuta

A ƙarshen damina, cikin Oktoba, ku share hanyar wuta mai faɗin taki huɗu zuwa biyar kewaye da wurin da kuke karewa. Ku kwashe busasshiyar ciyawa daga gindin ƙananan itatuwa ku kai wa dabbobi. A ja kunnen yara masu farautar gafiya da masu ɗibar zuma da wuta.

Aikin ƙungiya da hukuma

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Itacen da ke gonarka kai ke da iko da shi, amma na dutse da hurumi sai an haɗu. Ku zauna da mai unguwa ko dagaci, da Sarkin Noma, da limami, da arɗo, da masu gawayi da masassaƙa, a yi yarjejeniya a rubuce: waɗanne ne iyayen iri, yaushe ake yankan ganye, wa zai sa ido, mene ne tarar wanda ya saɓa. Dokar da aka yi ba da makiyaya da masu gawayi a wurin ba, ba ta kai wa baɗi. A kuma fayyace cewa wanda ya reni itace a gonarsa shi zai ci amfaninsa. Idan gonar aro ce ko jingina, a yi wannan magana da mai gonar tun kafin a dasa.

Idan baƙo ya zo yana taya madobiyar garinku, ku tuna fitar da ita waje an dakatar, kuma sare itace irin wannan yana buƙatar izinin ma'aikatan gandun daji. Ku sanar da sashen gona da gandun daji na ƙaramar hukuma. Kuɗin da zai ba ku na kwana kaɗan ne, itaciyar kuwa ta yi shekaru da dama kafin ta kai haka.

Wajen neman tallafin leda, waya ko horo, ƙungiya mai rajista ta fi samun shiga. Zamfara tana cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ke aiki a cikinsu, tana kuma cikin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da Bankin Duniya ke tallafawa a jihohin Arewa. Idan za a ba ku dashe, ku nemi a haɗa da na gida irin su madobiya, kawo, maɗaci da ɗorawa, kada a cika ku da dogon yaro da turare kaɗai.

Sai maganar tsaro. Kowa ya san halin da dazukanmu ke ciki, daga Kuyambana har zuwa wasu sassan Tsafe. Kada kowa ya shiga daji ko ya hau dutsen da ba a aminta da shi ba don neman iri. Rai ya fi itace. A yi aikin a gonakin kusa da gari, makarantu, maƙabartu da harabar masallatai. Duk itaciyar da aka raya a nan, ita ce za ta ba da irin da za a mayar daji idan Allah ya kawo zaman lafiya.

Jadawalin shekara a taƙaice

- Disamba zuwa Fabrairu: ƙirga itatuwa, zaɓen iyayen iri, gyaran shinge.
- Fabrairu zuwa Afrilu: tara iri, musaya da wasu ƙungiyoyi, shuka a leda.
- Afrilu zuwa Mayu: sassabin zamani lokacin sharar gona, yankan ganye bisa ƙa'ida.
- Yuni zuwa Yuli: dashe, cire ƙananan dogon yaro.
- Yuli zuwa Agusta: tuge daddoyar daji da garmani kafin su yi iri.
- Oktoba zuwa Nuwamba: hanyar wuta, shinge kafin a saki dabbobi.

Idan duk wannan ya yi maka yawa, fara da abu ɗaya a bana: ka zagaya gonarka kafin shara, ka nemo kututturen madobiya ko guda ɗaya ne, ka ɗaura masa ƙyalle, ka gaya wa yaranka da mai yi maka feshi. A taron ƙungiya na gaba kuma ka kawo maganar littafin ƙirga. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.